Matafiyi Ko Kaya: Waiwaye Daga Tekun Hawai Zuwa Bakin Gadar Anacha

Duk wanda ya taɓa shiga motar dare daga Kano zuwa Anacha ya san yadda al'amarin yake. Akan tashi gab da magariba, kafin a wuce Kaduna rabin fasinjoji sun yi barci, sauran kuwa kowa ya duƙufa a kan wayarsa. A ratsa Abuja, a haye Kwara kafin a shiga Lakwaja, a bi ta Okene da Auci, a gangara Agbo da Asaba, sai dai mutum ya buɗe ido ya ga ƙarafan gada suna wucewa ta taga, yaran mota suna cewa an iso. Ya haye babban kogin ƙasar nan har sau biyu a tafiya ɗaya bai sani ba. Ya keta ƙasashen Gwari da Igbira da Ishan, bai ji kalma ɗaya ta harshensu ba. A ƙarƙashin kujerar da yake zaune kuwa akwai buhunan albasa da na busasshen barkono waɗanda suka yi wannan tafiya tare da shi, a daidai wannan lokaci, suka kuma iso lafiya kamar yadda ya iso.

Tambayar da nake so in ɗora a gaban mai karatu ita ce: mene ne bambancin wannan bawan Allah da buhun albasar? In kuwa akwai bambanci, shin abu ne na sha'awa kurum, wanda in mutum ya ga dama ya kula da shi, in bai ga dama ba ya bari, ko kuwa hakki ne da ke wuyansa? A nawa ɗan ganin hakki ne, kuma ba a wuyan matafiyi kaɗai yake ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani labarin wasu mutane ne da suke nesa da mu ƙwarai, wato mutanen tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Pasifik. Kakanninsu sun iso waɗannan tsibirai a cikin kwalekwale, daga wasu tsibiran da ke kudu, tafiyar dubban kilomitoci a kan ruwa, babu kamfas, babu taswira, babu agogo. Da zamani ya juya, Turawa suka shigo, aka tumɓuke sarautarsu a 1893, Amurka ta haɗiye ƙasar a 1898, harshensu ya fita daga makarantu, sai ilmin tuƙin teku ya bi sauran al'adu ya ɓace. Ya ɓace har ta kai wani marubuci ɗan ƙasar New Zealand, Andrew Sharp, ya fito da littafi a shekarun 1950 yana musun cewa kakannin nasu sun iya irin wannan doguwar tafiya da gangan. A cewarsa iska da igiyar ruwa ne suka kwashe su suka watsar a tsibiran bisa tsautsayi. Wato dai, in muka faɗa da bakinmu, cewa ya yi kakanninsu kaya ne, ba matafiya ba.

Don a mayar da martani da aiki, ba da baki ba, aka kafa wata ƙungiya a 1973, aka sassaƙa jirgi irin na dā: kwalekwale biyu da aka ɗaure da juna, aka shimfiɗa dandamali a tsakaninsu, aka kafa masa zannuwan da iska ke turawa. Tsawonsa ƙafa 62. Aka sa masa suna Hokule'a, sunan wani tauraro da ke ratsawa ta tsakar kan Hawai. Amma da jirgi ya kammala sai aka waiwaya, a duk faɗin Hawai babu mutum ɗaya da ya rage wanda ya san yadda ake jan jirgi da taurari. Dole suka sauke girman kai suka nemi baƙo, Mau Piailug, daga wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Satawal a yankin Maikuronesiya, inda ilmin bai mutu ba. Shi ne ya ja jirgin daga Hawai ranar 1 ga Mayu 1976, ya kai shi Tahiti a farkon watan Yuni, tazarar da ta kai kimanin kilomita 4,000, ba tare da na'urar auna hanya ko ɗaya ba.

Yadda irin wannan jagora yake aiki shi ne abin lura. Yakan haddace mafitar taurari da mafaɗarsu, ya raba kewayen sama gida-gida a cikin kansa. Idan gajimare ya rufe sama, sai ya koma ga igiyar ruwa, domin manyan igiyoyin teku sukan daɗe suna tahowa daga fuska ɗaya, shi kuwa yana jin bugunsu a jikin jirgi ko da yana kwance. Yana kallon launin gajimare da hudowar rana. Yana kallon tsuntsaye, don akwai waɗanda suke fita kamun kifi da safe su koma tudu da yamma, duk inda suka dosa da almuru nan ƙasa take. Sama da duka, dole ne ya riƙe lissafin tafiyar tun daga ranar da aka tashi: ina aka fuskanta, da wane sauri, har tsawon wane lokaci. Saboda haka ba ya samun barcin kirki har a isa. Ba shi da wata hanyar sanin inda yake sai ta tuna inda ya fito da duk abin da ya gudana a tsakani. Ran da ya saki wannan zare, ran nan ya ɓata, tare da duk wanda ke cikin jirgin.

Labarin bai tafi sumul ba. A watan Maris 1978 aka sake fita, wannan karon babu Mau, aka tashi cikin iska mai ƙarfi, ba a yi nisa ba jirgin ya kife. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Eddie Aikau, gwanin ninƙaya wanda ya ceci rayuka da yawa a bakin teku, ya hau allonsa ya nufi tudu neman agaji. An ceto sauran, shi kuwa har yau ba a ga ko gawarsa ba. Bayan wannan rashi ne aka koma aka zauna aka yi karatun gaske. Wani matashi da ke cikin jirgin ranar da ya kife, Nainoa Thompson, ya duƙufa koyon taurari, Mau ya dawo ya horar da shi, a 1980 ya ja Hokule'a zuwa Tahiti ya komo da shi gida. Tsakanin 2014 da 2017 jirgin ya kewaye duniya.

To, me ya haɗa Bahaushe da wannan labari, shi da ko gulbi ya cika sai ya nemi Sarkin Ruwa? Abin da ya haɗa mu shi ne mu ma mun taɓa mallakar irin wannan ilmi, ko da yake namu na tudu ne. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, kuma ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu, wanda alhakin ayari duka yake wuyansa. Akwai jagaba, mai shiga gaba ya duba hanya da masauki. Akwai uban dawaki. Madugu ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara da wadda ba ta ƙafewa, ya san mashigin kowane kogi da lokacin da yake hayuwa, ya san sarkin da ake kai wa gaisuwa da abin da ake kai masa, ya san garin da ake kwana da wanda ake ratsawa ba a ko sauke kaya. Fitowar Gamzaki ita ce agogonsa na ɗaura wa jakuna mangala. Tarihi ya adana mana sunan ɗaya daga cikinsu, Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa Bajamushen nan Flegel jagora a ƙasar Adamawa, har ya bi shi Balin a shekarun 1880. Bature yana da kamfas da takarda, amma sai da ya nemi wanda hanya take cikin kansa.

Ta fuskar kudu maso gabas kuwa, kafin kwalta da dogo, ruwa ne hanya. Kanwa da sauran hajar Arewa sukan bi Kwara a jiragen Nufawa da Kakanda, su wuce Lakwaja da Idah, su sauka kasuwannin bakin kogi har Anacha. Shaidar wannan ciniki tana nan a bakin mutanen wurin, domin har gobe abin da muke kira kanwa su akanwu suke ce masa. Dawaki sukan gangara ta ƙasar Igala zuwa yankin Nsukka. A ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga ƙasar Hausa sun kafa zango a Elele, tun ba a san za a yi wani gari mai suna Fatakwal ba, don shi sai a 1912 Turawa suka fara gina shi. An gano kwal a yankin Inugu a 1909, dogo ya haɗa ta da Fatakwal a 1916, daga baya aka sadar da shi da Kaduna, aka gama gadar Makurɗi a 1932. Daga nan shanu suka fara gangarawa a tarago, mahauta da dillalai da 'yan koli da malamai suka bi su, unguwannin Hausawa suka kafu a Inugu da Anacha da Fatakwal, kowace da sarkinta da limaminta.

Mutanen da suka kafa waɗannan unguwanni ba a cikin barci suka isa ba. Wanda ya yi kwanaki a cikin kwalekwale, yana kwana a tsibiran yashi, yana sayen abinci a hannun mutanen da ba ya jin harshensu, kafin ya isa ya riga ya fara zama ɗalibin ƙasar. Ya ga inda dawa ta ƙare doya ta fara, ya ga inda giginya ta ba kwakwar manja wuri. Jinkirin tafiyar shi ne makarantarsa. Ba mamaki ba ne da aka samu irin su Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi Inugu, ya zauna, ya shiga jama'a da siyasarsu, har mutanen garin suka zaɓe shi magajin garinsu na farko a shekarun 1950. Yau in aka ba matasa wannan labari sai su ɗauka tatsuniya ce.

Sai dai taurarin mai tafiya Gabas ba a sama suke ba, a cikin mutane suke. Ƙasar Ibo tana da makonta na kwana huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo, kowace kasuwar ƙauye da ranar cinta, har sunan ranar yakan manne wa gari, kamar Obollo-Afor da direbobinmu suke yada zango a hanyar Makurɗi zuwa Inugu. Tana da lokacin bikin sabuwar doya, da ranakun fitowar dodanni waɗanda baƙo mai hankali yakan kauce wa hanyarsu. A yankin Idemili, dab da Anacha, ba a kashe mesa, ko da a ɗaki aka same ta. Goron da muke ci muna tafe, a wurinsu abin girmamawa ne da ba a fasa shi sai da addu'a da bin tsarin girma, kuma sun bambanta nasu, wanda muke kira hannunruwa, da namu da suke kira gworo. Ba ana cewa Musulmi ya yi imani da abin da suka yi imani da shi ba ne. Jagoran teku ma ai ba bauta wa igiyar ruwa yake yi ba, saninta yake yi don kada ta kifar da shi da mutanensa. A zamanin nan an sami sababbin alamu: a shekarun da suka biyo bayan watan Agusta 2021, lokacin da masu fafutukar Biyafara suka yi shelar zaman gida ranar Litinin, direban da ya shiga wasu garuruwan Gabas bai ƙirga kwanakin mako ba ya ɗauki ransa da na yaransa ya kai kasuwa.

Na taɓa kwana biyu a unguwar Hausawa a Anacha wurin wani dattijo ɗan'uwan mahaifina, wanda ya fi shekara 40 a can yana sana'ar goro. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake fara safiyarsa. Bayan asuba yakan kunna rediyo ya saurari labarin Arewa, ba don kewar gida kurum ba. Daga nan ya fita ya gaisa da maƙwabtansa da harshensu, yana lura da yadda aka amsa. Ya ce da ni, "Ɗana, ran da mai shagon da ke kusa da kai ya amsa gaisuwarka bai ɗago kai ba, kada ka buɗe rumfa, je ka tambayi abin da ya faru a gida." Da ya ce gida, Kano da Kaduna da Jos yake nufi.

A nan ne misalin teku ya fi zama daidai, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata. Igiyar da ke bugun jirgi ba a wurin take haihuwa ba. Hadari ne ya taso a wani gefen teku mai nisa, kwanaki da suka wuce, ya turo ta, ta yi ta tafiya har ta iske wanda bai ga hadarin ba, bai ji tsawarsa ba. Haka zaman Bahaushe yake a Gabas, haka kuma zaman Ibo yake a Sabon Gari. A 1966, bayan kashe-kashen da aka yi wa dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, ramuwar gayya ta faɗa kan 'yan Arewa mazauna Inugu da Fatakwal da sauran garuruwa, waɗanda suka tsira aka kwaso su zuwa gida, suka bar abin da suka tara shekara da shekaru. Gadar Anacha da aka buɗe a 1965 ba ta cika shekara biyu ba aka karya ta a yaƙin basasa. A watan Fabrairu 2006 aka yi tarzoma a Maiduguri kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a ƙasar Denmak, aka kashe Kiristoci, aka ƙona majami'u. Cikin 'yan kwanaki igiyar ta isa Anacha: aka kashe 'yan Arewa, aka ƙona masallatai, masu gudu suka cika barikin soja, wasu suka haye gada da ƙafa zuwa Asaba. Mai sayar da tsire a bakin gada bai san inda Denmak take ba, bai taɓa zuwa Maiduguri ba.

Idan haka ne, to hakkin lura bai tsaya a kan wanda ya bar gida ba. Wanda ke zaune a Kano ko Zariya ko Sakkwato, har da mu da muke cikin jami'a, muna da hannu a cikin yanayin da 'yan'uwanmu suke tafiya a ciki. Duk dutsen da aka jefa a shagon baƙo a nan, akwai kan da zai sauka a can. Duk jita-jitar da ɗalibi ya tura a waya bai tantance ba, iska ce ya ƙara wa hadari. Mukan ɗauka cewa mu ne a tudu, su ne a ruwa, alhali jirgi ɗaya ne ya kwaso mu.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko zai ce, ai tsaro na Allah ne, abin da ya rubuta ba makawa, yawan lissafi raunin tawakkali ne. Wannan ba ya buƙatar doguwar amsa a wurin wanda ya yi karatun addini ko kaɗan. Alƙur'ani da kansa ya ambaci taurari a matsayin alamun da ake gane hanya da su a tudu da teku, sunna kuma ta yi umurni da cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya su naɗa ɗaya ya shugabance su. Hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗan jagora masanin hanya aka yi ta, kuma a lokacin mutumin ba Musulmi ba ne.

Na biyu hujjarsa ta fi nauyi. Zai ce, wannan duk zancen ƙoshi ne. Mutanen Hawai sun fita teku ne don neman asalinsu, da tallafi da jirgin rakiya a bayansu. Yaron da ya bar ƙauyensu a Jigawa ko Zamfara saboda gona ta gaza ko 'yan bindiga sun hana noma, ya ɗare saman tirelar shanu, ya kwana biyu a kan ƙarfe rana da ruwa suna dukansa, ya sauka a kasuwar shanu ta Lokpanta ko a Fatakwal da 'yar jakar leda, yaushe ya sami sukunin nazarin ranakun kasuwa? Gaskiya ne. Ba shi ya zaɓi ya zama kaya ba, talauci ne ya ɗaure shi ya loda. Amma wannan hujja ba ta rushe hakkin ba, ɗauke shi ta yi daga kan yaron ta aza a kan wasu. A cikin jirgin Hokule'a ma ba kowa ne jagora ba. Akwai mai dafa abinci, akwai mai jan igiya, suna barci ne saboda akwai wanda bai yi barci ba. A ayarin dā ma ɗan alaro bai san hanya ba, amma yana da madugu a gaba da fatoma a masauki, wanda zai karɓe shi, ya tsaya masa, ya gaya masa abin da ake yi da wanda ba a yi a garin. Abin tambaya shi ne, yau wane ne madugun wannan yaro? Direban da ya karɓi kuɗinsa ya sauke shi a bakin titi? Attajirin da shanunsa suka fi yaron daraja a cikin motar? Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa na can suna iyakar ƙoƙarinsu, amma masu zuwa sun fi ƙarfin masu karɓa, kuma da yawa ba sa ko neman su sai wuta ta kama.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ni kaina ina jin tsoron a fahimci maganata a haka. Zai ce, kana ɗora laifi a kan wanda aka zalunta. A ƙarshen watan Maris 2025 wasu maharba 'yan Arewa suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin ƙaramar Salla. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu kururuwar masu satar mutane, taro ya kashe mutum 16. Bayan wata uku, a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, 'yan ɗaurin aure daga Zariya suka ɓata hanya, suka tsaya tambaya, aka far musu, aka kashe fiye da goma. Mu da muka tashi da jin cewa matambayi ba ya ɓata. Shin waɗannan rashin lura ne ya kashe su? A'a. Mutane ne suka kashe su, kuma alhakin jininsu yana kan waɗanda suka zubar da shi da hukumar da ta kasa tsare hanya. A nan misalin teku ya gaza, kuma ya kamata in amsa gazawarsa: igiyar ruwa ba ta da niyya, ba a kai ta gaban alƙali, mutum kuwa yana da zaɓi. Abin da kawai zan ƙara shi ne, taron da ya kewaye motar nan a Uromi shi ma taron marasa lura ne. Sun ga bindiga, sun ga fuska, sun ji harshe, suka yanke hukunci, ba wanda ya tsaya ya karanta alamun da ke gabansa. Mazaunin gari da ba ya iya bambance maharbi da ɗan fashi ya ɓata a ƙofar gidansa. Maharban giwa da suka sauka Elele fiye da shekara 100 da suka wuce da makamai suka zo, aka karɓe su, domin akwai wanda ya san su, akwai wanda ya tsaya musu.

Ko sunayen da muke kiran juna da su a hanya aka haife su. An ce kalmar Inyamuri daga roƙon ruwan sha ta samo asali, wato abin da baƙo ɗan Gabas yake faɗa da harshensa in ƙishirwa ta kama shi a ƙasarmu. Mu kuma suna ce mana aboki, kalmar da suka ji muna kiran mai ciniki da ita. Ɗaya roƙon ruwa, ɗaya tayin abota, ga shi duka biyun sun rikiɗe sun zama abin da ake jifan juna da shi.

Abin da ya fi burge ni a labarin Hawai ba isar jirgin Tahiti ba ne. Amincewar da suka yi ne cewa ilmin ya kuɓuce musu, da kuma zuwan da suka yi wurin mutumin wani tsibiri, mai wani harshe, suka zauna a gabansa suna ɗalibai. Shi ma Mau ya saɓa wa al'adar mutanensa ta ɓoye wannan sani a cikin dangi, don ya ga in bai bayar ba zai mutu da shi. A 2007, shekara uku kafin rasuwarsa, ya tara Nainoa da wasu 'yan Hawai huɗu a Satawal ya naɗa su jagorori bisa al'adar kakanninsa.

Namu masanan suna nan da ransu, ko da yake suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Su ne dattawan unguwannin Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal, waɗanda suka koma bayan 1970 suka sake kafa rumfa a kan toka, suka iya harshen Ibo ko na Ikwerre, suka san wanda ake gani a fada da wanda ake gani a kasuwa in rigima ta taso. Su ne tsofaffin direbobin da suka san kowane kwana da kowane shinge daga Lafiya zuwa Aba. Akwai kuma wanda muka fi ƙyamar tambaya, alhali ya fi kowa kusa: Ibon Sabon Gari, wanda aka haifa a Kano, yake jin Hausa kamar jakin Kano, ya kuma san ƙasar iyayensa ciki da bai. A sassanmu na Hausa mun rubuta kundaye masu yawa a kan waƙoƙin fatake da kirarin madugai, kuma aiki ne mai kyau. Zan so in ga ɗalibin da zai ɗauki rakoda ya sauka Anacha ya zauna gaban irin waɗannan dattawa tun suna iya magana.

Dattijon nan nawa ya rasu shekarun baya, a can aka binne shi. Ranar da zan komo ya raka ni tasha, ya sa aka canja mini kujera zuwa gefen taga, ya ce in mun hau gada in dubi hannun dama, wajen da ruwa yake gangarowa, ta nan kakansa ya fara zuwa da kanwa. Na duba. Hazo ne a kan kogin, sai wani mutum shi kaɗai a cikin kwalekwale yana tuƙi kusa da gaɓa, inda ruwa ba shi da ƙarfi.